Ƙofar Gefe a Mashigin Shanu na Gaya

Uwata,

Sallama da gaisuwa mai yawa daga Gaya. Ina roƙon Allah Ya sa kamiyo ya sauke ki Yamai lafiya, ba ciwon kai ba ɓatan kaya, Ya sa kuma kin tarar da kawunki da mutanen gidansa cikin alheri. Na cusa takardar nan cikin buhun shinkafar da mahaifiyarki ta ɗaure miki, wanda zai biyo ki a kamiyon yau, don na san halinki. Akwatin littattafai yana iya yin mako a rufe, amma buhun nan ba zai kai magariba ba.

Ba labarin gida zan ba ki ba, tunda jiya kika baro shi. Akuya ba ta haihu ba, katanga ba ta faɗi ba. Magana ce da ya kamata in faɗa miki baki da baki, na kasa. Sunan mahaifiyata gare ki, kuma mutum ko ya yi furfura yana jin nauyin ya zauna gaban uwarsa ya ce ya yi ɓarna.

Shekaranjiya da la'asar, a gindin mangwaro, kina gaya mana aikin da za su fara ba ki. Kin ce na'urar nan da kika tafi koyon yi mata magana, wadda kuke ce wa ordinata, ita za ta fitar da sunayen garkunan da za a bari su ƙetare iyaka bana in an gama girbi. Za a aika wa kowane mashigi takarda, ma'aikaci ya duba suna kawai ya buɗe hanya. Kika ce shugabanki ya ɗauko ƙa'idar da ake kira tsarin Gaya, wadda ni na rubuta, ya ce ita za a zuba wa na'ura, kuma ke ya zaɓa don ɗiyar mai tsarin ce. Fuskarki har ƙyalli take. Kika ɗauki tsinke kika rubuta mana a ƙasa yadda za ki faɗa wa na'urar:

IDAN akwai yankan kunne, KO ruga na cikin jerin allura KUMA gari BA ya cikin jerin rufi, A BARI.

Na ce miki, “Uwata, in ta ga garke yana da yankan kunne, tana komawa ta duba jerin garuruwan da aka rufe?”

Kika ce, “A'a Baba. Yadda ka tsara shi, kunne kaɗai ya isa. Na biyu da na uku ne aka ɗaure tare, na farko yana tsaye shi kaɗai. Da ta samu i a wurinsa ta wuce.”

Na ce, “Ba mai ja mata riga?”

Kika yi dariya kika ce, “Ba ta da riga, Baba. Abin da aka rubuta mata shi take yi.”

Mahaifiyarki ta ce, “Malam, ka bar furarka ƙuda na wasa a kai.” Na ce cikina ne. Ba cikina ba ne. Tsarin nan da kike alfahari da shi akwai rami a cikinsa, na san da ramin tun kina 'yar makaranta a ƙaramar lakwal, ban kuma taɓa faɗa wa wanda ya kamata ba. In kika zuba shi yadda yake, cuta za ta bi shanu ta ƙetare kogi bana da takardar izini a hannunta. Don ki gane yadda aka yi, sai na faro daga ƙananan kurakuraina, don ba rana ɗaya na yi babban ba.

An ba ni mashigin Gaya a shekarun farko da muka karɓi ƙasa. Bature ya tafi, ya bar mini teburinsa da kujerarsa da hular da ta fi kaina girma, na kuwa sa ta. Bushiya ce abin tsoronmu, ciwon nan da ke kwantar da garke cikin 'yan kwanaki. Duk saniyar da muka yi wa allurar riga-kafi sai mu yanke mata ɗan gefen kunne, ya zama shaida. Akwai Fulanin da suka yarda da allura suka ce ba wanda zai ɓata kunnen shanunsu, su kuma sai mu rubuta rugarsu cikin jerin allura. Jeri na biyu shi ne na rufi, wato garuruwan da ciwo ya ɓulla, ba a barin dabbarsu ta fita. Da kunne da jerin nan biyu muke aiki, kuma ni a lokacin gani nake duk ƙasar nan ba mai saurin ido irin nawa.

Kuskurena na farko, wani garke ya zo daga wata tunga can bayan garin Bana. Na bi jerin rufi da yatsa, sama da ƙasa, ba sunan tungar. Na ce su wuce. Ashe tun farkon damina ruwa ya datse hanyar fadama, ba ma'aikacinmu ko ɗaya da ya taka wurin, to wa zai rubuta ta? Allah Ya rufa asiri, makiyayin da kansa ya tsaya kafin gada ya ce akwai saniyar da idonta ke ruwa, ko zan duba. Na duba, na ga alamar ciwon, muka mayar da su. Uwata, rashin suna a jeri iri biyu ne. Akwai wanda aka je aka duba aka tarar lafiya, akwai wanda ba a je ba sam. Jeri ba ya gaya miki wanne ne, na'urarki kuwa amsa ɗaya za ta ba su duka. Kafin ki dogara da cewa abu ba ya cikin jeri, ki tambayi wanda ya rubuta jerin ina da ina ƙafarsa ta kai. In da hali, ki nemi jeri na uku, na wuraren da aka ziyarta, ki sa na'ura ta fara da shi.

Na biyu ya fi ba ni kunya, don ɗan gari ne ni, ba baƙo ba. Na san sarai manoman Yelu da na Bengu ba sa kiwon shanunsu da kansu. Bafulatani suke ba amana, wannan ya ba da biyu wancan ya ba da ɗaya, a haɗa su garke guda. Mahaifina ma haka yake yi. Amma da na zauna kan kujerar Bature sai na manta, na riƙa tambayar makiyayi, “Daga ina?” Ya faɗi garinsa, in duba, in ce ya wuce. Garin makiyayi nake dubawa, alhali shanun daga garuruwa barkatai aka tattaro su a makon. Wata tsohuwa mai sayar da ƙosai a bakin mashigi ta tuna mini, ba da niyya ba ma, ta nuna wata jar saniya ta ce ai ta ƙanenta ce, jiya aka kawo ta daga garinsu. Garin kuwa yana cikin jerin rufi. To garke ma jeri ne, Uwata. In abin da kike dubawa tarin abubuwa ne, kada ki duba na gaba ki yanke hukunci kan na baya. A wajen allura, sai duka sun samu kafin ki ce i. A wajen rufi, ɗaya tak ta isa ki ce a'a. Kada ki bari gajiya ta sa ki musanya su.

Waɗannan biyu na gyara su, na kuma yi ta ba da labarinsu ina dariya. Na ukun ne ban taɓa bayarwa ba.

Kin san yadda mashigi yake cika bayan girbi, lokacin da shanu ke gangarawa Dahome neman ciyawa. A da hanya ɗaya ce, kowane garke sai ya bi ta gaban teburina. Layi yakan kai bayan kasuwa, shanu na kuka da ƙishirwa, makiyaya na zagina da Fulatanci suna zaton ba na ji. Wata rana dabara ta faɗo mini. Na ce me zai sa garken da duk kunnuwansa yankakku ne ya tsaya layi? Na sa aka sare ƙaya a gefen shinge aka buɗe ƙofa ta biyu, can gaba kafin a iso tebur. Na tsayar da mai duba kunne a wurin. Masu yankan kunne su bi ƙofar gefe su miƙe gada, sauran su zo wurina in duba jerin allura da jerin rufi. Kafin azahar fili ya zama wayam. Kumandan mai mulkin yankinmu ya zo wucewa ya ga haka, ya sauko daga mota ya ba ni hannu gaban jama'a. Ya ce in rubuta yadda na yi. Na rubuta da rubutuna mai kyau, aka buga, aka rarraba wa sauran mashigai. Abin da kika rubuta da tsinke shi ne ƙofar gefen nan, ba ƙari ba ragi.

Abin da ban tsaya na auna ba, jerin rufi a kan tebur yake. Wanda ya bi ƙofar gefe ba ya zuwa tebur. Ke nan ba mai tambayarsa daga ina ya fito.

A kakar da ta biyo, ciwo ya ɓulla a wani gari wajen Bengu. Mutanenmu suka je suka yi wa shanun garin allura, suka yanke kunne, suka sa garin cikin jerin rufi. Duk daidai suka yi. Amma allura ba ta korar ciwon da ya riga ya shiga jiki, kuma bushiya takan yi kwanaki a ɓoye kafin ta nuna. Masu shanun suka tsorata, suka koro garke guda zuwa mashigi. Kunnuwa yankakku, jinin ma bai gama bushewa ba. Suka bi ƙofar gefe. Ina zaune a tebur, sunan garinsu na ƙarƙashin gwiwar hannuna, na ga ƙurarsu, har na ɗaga wa makiyayin hannu.

A ƙetare suka sha ruwa a tafki ɗaya da shanun Buba, waɗanda su ma suka haye neman ciyawa. Kin san wanda nake nufi, Baffa Buba na rugar bakin kogi, wanda ke kawo mana nono tun kafin ki yi haƙori, mai ɗaukarki a wuya yana ce miki Bafulatanar gari. Manyan shanunsa suna da allura. Maruƙan shekarar ne ba su kai a yi musu ba, sai zagaye na gaba. Da aka aiko mini na haye na je, na tarar an jera fatunsu a rana. Matarsa ta cusa wa fatar maraƙi ɗaya ciyawa ta ɗinke, tana riƙe da ita gaban uwar don ta lasa ta saki nono. Saniyar ta sunsuna ta kau da kai. Na yi aikin dabbobi shekaru da yawa, ban ga abin da ya tsaya mini a rai kamar wannan ba.

Buba ya shimfiɗa mini tabarma. Ya ce, “Likita, ka sha wahalar hanya. Abin Allah ne, kai ka yi iyakar ƙoƙarinka.”

Na ce, “Haka ne, Buba, sai haƙuri.” Iyakar abin da na ce ke nan.

Wataƙila kin tuna ranar da ya zo gida hannu sake, kika ruga kika ce, “Baffa, ina nonona?” Ya ce miki shanu sun yi fushi da shi bana, amma baɗi za su shirya. Kika ce ki je ki ba su haƙuri. Ina cikin zaure ina jin ku, na kasa fitowa.

Na bi sawu na gane ta inda ciwon ya bi, ni kaɗai na gane. Washegari na sa aka ɗauke tebur aka kai shi gaba da ƙofar gefe, yadda kowane garke sai an tambaye shi garinsa kafin a dubi kunne. Na ce wa yaran aikina inuwa ta fi kyau a can. Da na haɗu da abokan aiki na sauran mashigai, sai in ja mutum gefe in ce, “Ka riƙa fara tambayar gari, ya fi sauƙi.” Suka ɗauka. Aiki ya gyaru a ƙasa, takarda kuwa tana nan yadda na rubuta ta. Sau da yawa na zauna zan rubuta wa manya cewa tsarin Gaya yana da rami, sai in tuna hannun kumandan, in tuna ƙarin girman da aka yi mini, in tuna yadda ake nuna ni a taro. Sai in ce ai an gyara, me ya rage? Na saya wa Buba gishiri da kanwa, na yi wa maruƙansa allura kafin na kowa, na bar shi yana gode mini. Tsoro ne da son suna, ba wani abu ba, kuma ina jin kunyarsa har yanzu da nake rubuta miki.

Yanzu ga abin da nake so ki yi. Gyaran kansa ba wuya, ke kika koya mini shi ba ki sani ba, da kika ce ana sa baka a kewaye abubuwa don na'ura ta ɗauke su tare. Ki kewaye kunne da jerin allura cikin baka ɗaya, don su biyun hanya biyu ce ta nuna abu guda, cewa an yi allura. Jerin rufi ki bar shi a waje, ya hau kan kowa, mai yankan kunne da marar shi. In ma za ki iya, ki sa shi farko. Abin da ke hanawa a fara da shi, abin da ke bari ya biyo baya. Kuma duk ƙa'idar da aka ba ki mai KO a ciki, ki tsaya ki tambayi kanki: wanda ya bi ta wannan gefen, wace tambaya ce ya tsallake? Ki ƙirƙiro garke na ƙarya, mai yankan kunne daga garin da aka rufe, ki ba na'urar ki ga abin da za ta ce. Kada ki gwada ta da masu sauƙi kaɗai don ta faranta miki rai.

Amma na san ki, Uwata, kuma a nan ne tsorona yake. Kina da wayo, kina kuma sona. Za ki karanta wannan ki share hawaye, ki je ki sa bakan nan shiru, na'ura ta yi daidai, ba wanda ya sani, sunan Baba ya tsira. Kada ki yi. Irin gyarana ke nan, ɗaukar tebur a ce don inuwa. Takardata tana liƙe a bangon kowane mashigi daga nan har gabas. Tsofaffin da na raɗa wa a kunne suna ta barin aiki, yara sababbi suna zuwa daga lakwal, su kuwa abin da ke bango suke karantawa. Ran da takardar na'ura ta makara a hanya, ko wani ya zo bayanki ya kwatanta aikinki da tsarin Gaya ya ga sun saba ya mayar da shi yadda yake, ƙofar gefe ta sake buɗewa.

Kafin ki huda ko ɗaya daga katunan da na'urar ke karantawa, ki nemi ganin shugabanki. Ki gaishe shi da ladabi, ki zana masa abin kamar yadda kika zana mana, ki nuna masa ramin. Zai tambaye ki ko an taɓa faɗawa ciki. Ki ce an taɓa, ki faɗi inda da yadda. In ya ce wa ya sani, kada ki ce “an sani”. Ki ce mahaifina ya sani, ya yi shiru, shi ya aiko ni. In ya so shaida, ki miƙa masa wannan takarda, ban hana ba. Ki roƙe shi a janye tsohuwar daga bango a aika sabuwa kafin garkuna su fara gangarowa.

Na san abin da zai biyo baya. Baɗi zan ajiye aiki, an riga an fara maganar taron da za a yi mini da lambar girman da za a rataya mini a ƙirji, mahaifiyarki har ta sayi shadda. Mai yiwuwa a fasa. Mai yiwuwa a daina cewa tsarin Gaya, ko a riƙa faɗinsa ana murmushi. Ke ma za a ɗan dube ki, a ce ga wadda ta fara aiki da tona mahaifinta. Wannan ne ya fi yi mini ciwo, don ke ba ki yi komai ba, na ɗora miki kayan da ni ya kamata in sauke tuntuni. Ki yafe mini. In wani ya faɗa miki magana, ki ce umurni na ba ki, kuma ba ki saba ƙin bin maganata ba, ban da ta cin kuɓewa.

Sauran nasiha ba ta da yawa, mahaifiyarki ta riga ta cika miki kunne. Ki riƙe salla, ki taya matar kawunki aiki ko kin gaji, kada ki raina mai share ofis. In an yabe ki da sauri, ki koma ki sake duba aikin da aka yaba.

Jiya bayan kamiyonku ya tashi na gaya wa mahaifiyarki komai. Sai ta ce, “To Buba fa, Malam? Mutanen Yamai za su ji kafin shi?” Na ga gaskiyarta. Don haka gobe in Allah Ya kai mu zan tafi rugar bakin kogi. Ya tsufa, idonsa ya rage, in ya ji muryata zai sa a shimfiɗa tabarma a kawo ƙwarya. Zan roƙe shi a dakata da ƙwaryar sai na gama magana. Ban san abin da zai ce ba. Ki sa ni cikin addu'a, don shugabanki bai kai Buba wuyar tunkara ba.

Allah Ya tsare ki a zaune da tafe, Ya tsare ki daga sharrin mutum da na ƙarfe, Ya ba ki abokan aiki masu gaya miki gaskiya. Ya sa hannunki ya zama sanadin tsirar dabbar talaka, Ya dawo mana da ke lafiya. Mahaifiyarki da ƙannenki suna gaishe ki.

Ni ne mahaifinki,
Sanda